Maganar Na Ƙasa Da Na Sama Ran Gobarar Daji

 

Ga damina ta wuce. An yanke dawa, an ɗaure dammuna, harawa tana bisa itatuwa, rake kuwa yana tsaye a fadama yana jiran masu saye. Ciyawa ta bushe ƙayau, iskar hunturu ta fara kaɗowa daga arewa maso gabas. Ko wane magidanci a nan Nasarawan Doya ya san abin da a ke tsoro a irin wannan lokaci. Yaro ɗaya mai neman gafiya, da ƙwayar ashana ɗaya, sun isa su cinye wahalar wata biyar ta mutum goma kafin la'asar. Haka abin ya ke a ƙasar Makarfi, haka a Ikara, haka a Kudan.

To, yau za mu yi muku zancen yadda a ke yaƙi da wutar daji da jirgin sama a waɗansu ƙasashe, da yadda mutanen da ke ƙasa su ke magana da matuƙin da ke sama. Wataƙila wani ya ce, “Ina ruwanmu da jirgi, mu da reshen darbejiya ne makaminmu?” Gaskiyarsa, ba mu saba ganin jirgi ya zo kashe mana wuta ba. Amma ku yi haƙuri ku ji. Abin da ya fi wuya cikin wannan aiki ba tuƙin jirgin ba ne, maganar ce, ita kuwa magana da su da mu duk muna yinta.

Mu mutanen ƙasar Zazzau ba baƙin jirgin sama ba ne. Tun 1925 jirage suka fara sauka a Kano. A 1964 kuma aka kafa makarantar koyon aikin jirgin sama a Zariya. Wanda ya je Zariya ya kan ga ƙananan jirage suna ta kewaya gari, ɗalibai ne ke koyo. A makarantar nan ba matuƙa kaɗai a ke koyarwa ba. Akwai waɗanda a ke koya wa zama a ƙasa, cikin dogon bene, suna magana da matuƙa ta rediyo. A babban filin jirgi matuƙi ba ya tashi, ba ya sauka, sai na ƙasa ya ba shi izini.

Kashe wuta da jirgi kuwa ya kankama ne a Amurka. A 1955, a jihar Kalifoniya, aka ɗauki ƙaramin jirgin feshin gona aka cika shi da ruwa, ya je ya zuba wa wutar daji. Daga nan abu ya yi ta girma. Mutanen Kanada suka ƙera wani jirgi musamman domin wannan aiki, ana kiransa Canadair. Ya kan sauko ya shafi tafki ko teku da cikinsa yana gudu, cikin sakan 12 ya kamfaci ruwa lita 6,000, ya tashi. Lita 6,000 duro 30 ke nan. Akwai kuma jirgi mai saukar ungulu, wanda a ke rataya wa ƙaton guga da igiya, ya tsoma a tafki ya ɗebo. Waɗansu jiragen ba ruwa zalla su ke zubawa ba, wani jan ruwa ne mai kauri da a ke haɗawa da irin gishirin takin zamani. Ba kan wutar a ke zuba shi ba, gabanta a ke zubawa, don in ta iso ciyawar ta ƙi ci sosai. An rina shi ja ne domin matuƙi ya ga inda aka tsaya, ya ɗora daga nan. A nan Afirka ma ana yi. Maroko tana da jiragen Canadair, Afirka ta Kudu kuma tun 2003 ta ke da ƙungiyar masu kashe wutar daji mai jiragenta.

Amma ku lura da wannan da kyau. Jirgi ba ya kashe wuta shi kaɗai. Iyakarsa ya rage mata ƙarfi, ya sa ta lafa. Masu kashe ta su ne mutanen ƙasa, masu gatura da shebur da magirbi, waɗanda ke share ciyawa har su tarad da ƙasa tsirara, su yi wa wutar iyaka. In jirgi ya zuba ruwa ba wanda ya bi bayansa, jim kaɗan ruwa ya bushe, wuta ta koma aikinta.

Ga shi kuwa ko wanne cikin su biyu yana da abin da ɗan'uwansa ba shi da shi. Na sama yana ganin wutar duka, yana ganin inda ta dosa, da inda ta tsallake hanya, amma ba ya ganin mutum a ƙarƙashin itace da hayaƙi. Na ƙasa ya san irin ciyawar da ke ci, ya san inda iska ke bugun fuskarsa, amma ba ya ganin abin da ke bayan tudu. Sai sun gaya wa juna kafin ko wanne ya san abin da a ke ciki.

Da rediyon oba-oba su ke magana. Kun san shi, irin na 'yan sanda. Halinsa daban ne da wayar salula. In kana magana ba ka ji, in kana ji ba ka magana, kuma in mutum biyu suka danna maɓalli tare, ba a jin ko ɗayansu sai ƙara. Shi ya sa wanda ya gama ya kan ce “oba”, watau na gama, sauran kai. Daga nan ya sami sunansa. Saboda wannan hali nasa, ba kowa a ke bari ya kira jirgi ba. A ko wace ƙungiya mutum ɗaya a ke zaɓa, shi ne bakin sauran. A sama ma haka. In jirage sun yi yawa, akwai wani ƙaramin jirgi da ke shawagi can bisa dukansu, ba ya ɗauke da ruwa, yana ɗauke da shugaba. Shi ke jin roƙon na ƙasa, shi ke ce wa wannan jirgi shigo, wancan dakata. Akwai tashar rediyon da jirage ke magana da juna, akwai ta jirgi da ƙasa, akwai kuma wadda a ke bari shiru, ba mai taɓa ta sai ran da rai ke cikin hatsari.

To, na ƙasa ya kira, me zai fara faɗi? Sunan wanda ya ke kira, sa'an nan nasa, sa'an nan inda ya ke. Nan ne wuyar ta ke. Kai da ke ƙasa kana ganin jirgi sarai, kana jin rugugin injinsa. Shi kuwa a wurinsa kai kamar tururuwa ka ke cikin masussuka. In ka ce masa, “Ga ni nan gindin itace,” itatuwa dubu ya ke gani. In ka ce, “Ina hannun dama,” daman wa, naka ko nasa?

Sai suka yi dabara da fuskar agogo. A ɗauka jirgin yana zaune a tsakiyar agogo. Hancinsa shi ne ƙarfe 12, fiffikensa na dama ƙarfe 3, wutsiyarsa ƙarfe 6, fiffiken hagu ƙarfe 9. In na ƙasa ya ce, “Ina ƙarfe 3 ɗinka,” matuƙi ya waiga dama kurum. In jirgin ya juya, lissafin ya juya tare da shi, sai a sake faɗi. Ku da kuka koyi karanta agogo a wannan aji, kun ga za ku iya. Bayan haka na ƙasa ya kan ɗauki ɗan madubi ya haska wa jirgin hasken rana, gama ƙyallin madubi yana kai wa nesa ƙwarai. Ko kuwa ya shimfiɗa ƙyalle mai launin ruwan goro a fili. Matuƙi ya ce, “Na ga madubinka.” Sai an kai nan kafin a shiga zancen ruwa.

Ita wutar ma sun ba gaɓoɓinta suna, kamar dabba. Inda ta ke gudu da ƙarfi, iska na korarta, shi ne kai. Inda ta faro shi ne gindi. Sa'an nan ga gefen dama da gefen hagu, kuma an yi yarjejeniya tun da wuri cewa dama da hagun nan na wanda ya tsaya a gindi ne yana duban kai. Ko ina ka ke tsaye, gefen dama sunansa gefen dama. Saboda haka in aka ce, “Zuba a gefen hagu, faro daga bakin hanya ka nufi kai,” magana ta ƙare, ba mai tambayar wane hagu. Na ƙasa ya kan ƙara da abin da zai cuci jirgin, wanda matuƙi ba ya gani cikin hayaƙi, kamar wayar lantarki, ko doguwar bishiya busasshiya, ko iska mai juyawa. Matuƙi kuma ya maimaita abin da ya ji. Kada ku raina wannan maimaitawa. Magana zarar bunu ce, ruwan jirgi ma haka, in ya fita ba ya komawa.

Jirgin nan ya kan zo da gudun kilomita 200 a awa, ko fiye. Cikin sakan ɗaya ya wuce mita 50. In matuƙi ya makara da sakan biyu, ruwan ya faɗi nesa da inda a ke so da tsawon filin ƙwallo. Don haka wani lokaci ya kan fara wucewa ba ya zuba komi, ya tambaya, “Nan ne?” In na ƙasa ya ce nan ne, sa'an nan ya kewayo ya zuba. A manyan jirage ma ƙaramin jirgi ke shiga gaba yana nuna musu hanya, kamar ɗan jagora.

Saura tambaya ɗaya, wadda ta fi duka nauyi. Kafin a saki ruwa, na sama ya kan tambaya, “Mutanenka sun kauce?” Ba a zubawa sai na ƙasa ya ce sun kauce. Kuna mamaki, ruwa ne fa? To, ku auna. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Lita 6,000 nauyin buhun masara 60 ke nan, irin mai kilo 100, an sako su daga sama da gudu. Ya kan karya rassa, ya tumɓuke itace, ya mirgino duwatsu. A watan Agusta 2018, a Kalifoniya, wani ƙaton jirgi ya zuba jan ruwan nan yana ƙasa ƙasa fiye da yadda a ke nufi, gama akwai tudu a wurin da itatuwa suka ɓoye. Ƙarfin zubin ya tumɓuke doguwar bishiya, ta faɗa wa wani shugaban 'yan kwana-kwana, ya mutu. Shi ya sa a ke koya musu, in zubi ya rutsa da kai ba wurin gudu, ka kwanta rubda ciki, kanka wajen da jirgin ke zuwa, hular kwano a kai, gatarinka nesa da jikinka. Bayan an zuba kuma na ƙasa ya faɗi gaskiya: ya faɗa daidai, ko ya wuce, ko iska ta kwashe shi. Ba wurin kara ba ne nan. In ka yabi zubin da bai yi ba don kada ran matuƙi ya ɓaci, na biyu ma can zai faɗa.

Waɗannan ka'idodi ba a zaune cikin ofis aka ƙaga su ba. Yawancinsu sai da aka yi hasara tukuna.

Ran 5 ga Agusta 1949, a wani kwari da a ke kira Mann Gulch a jihar Montana ta Amurka, jirgi ya kai mutum 15 suka diro da laima don su kashe wata wuta, suka tarad da wani ma'aikacin daji a ƙasa, suka zama 16. Aka sako musu kayan aiki. Laimar da ke ɗauke da rediyonsu ta ƙi buɗewa, rediyo ya faɗi ya farfashe. Jirgi ya koma gida, suka zauna ba su da hanyar magana da kowa. Wuta ta tsallake kwarin ta tare musu gaba, suka juya suna hawan tudu da gudu cikin busasshiyar ciyawa, tana binsu. Shugabansu, Wagner Dodge, ya ga ba za su tsere ba. Ya ƙyasta ashana ya ƙone ciyawar da ke gabansa, ya shiga cikin tokar, yana kiransu su shigo. Ba wanda ya gane nufinsa, gama ba a taɓa koya musu wannan ba, ga rurin wuta ya cika kunne. Suka wuce shi. Shi ya kwanta a tokar ya tsira, waɗansu biyu suka tsira ta tsagin dutse, 13 suka mutu. Dabarar tasa mai kyau ce, manomanmu da makiyayanmu ma sun san wuta ba ta cin inda ta riga ta ci. Amma ba a tsakiyar gudu a ke koya wa mutum sabon abu ba.

A 1970 kuma wuta ta yi kwana 13 tana ci a Kalifoniya, mutum 16 suka mutu, gidaje wajen 700 suka ƙone. Da aka bincika sai aka ga ba ƙarancin mutane ko kaya ne babbar matsala ba. Ƙungiyoyi ne suka zo gudunmawa daga garuruwa daban daban, rediyon wannan ba ya kama na wancan, sunan da wannan ke kiran abu ba shi wancan ke kiransa ba, kuma ba a san wanda ke shugabanci ba. Daga nan aka tsara cewa ko wace gobara shugabanta ɗaya, ko wane mutum yana da mutum ɗaya da ya ke karɓar umurni daga gare shi, kuma a yi magana a fili da kalmomin da kowa ya sani.

Na ukun shi ya fi ba mu tausayi, gama ga rediyo a hannu, ga jirgi a sama. Ran 30 ga Yuni 2013, kusa da garin Yarnell a jihar Arizona, wata ƙungiya ta mutum 20, gwanaye ne ƙwarai, suna aiki a kan tudu. Sun aje ɗayansu a wani wuri dabam yana yi musu tsaro. Da rana ta yi, sauran 19 suna cikin wurin da wuta ta riga ta cinye, watau wurin da ba abin da zai same su. Sai suka bar nan, suka gangara wani kwari mai sarƙaƙiya, suna nufin wani gidan gona. Sun yi magana a rediyo, amma gajeruwa ce, ba ta fito sarai ba, waɗanda suka ji suka ɗauka har yanzu suna cikin tokar, ko kuwa suna bin wata hanya dabam. Fiye da minti 30 ba wanda ya san ainihin inda su ke. Ana nan sai hadari ya taso, iska ta juya, wuta ta juyo ta tare bakin kwarin. Suka kira jirgin shugaba, maganar tana yankewa. A sa'an nan akwai ƙaton jirgi cike da jan ruwa yana kewaya bisa wutar, ba abin da ya ke jira sai a ce masa ga inda su ke. Hayaƙi ya rufe ko ina, ba a gan su ba. Duk 19 suka mutu, mai tsaron kaɗai ya rage. Ba mai iya cewa lalle zubin nan da ya cece su, gama wutar ta yi ƙarfi ƙwarai. Amma ko gwadawa ba a sami yi ba. A 2019 Amurka ta yi doka a nemi na'urar da za ta riƙa nuna inda masu kashe wuta su ke a kan taswira.

To, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu komo gida.

Kun san yadda mu kan yi in wuta ta tashi. A yi kururuwa, kowa ya karyo reshe ya ruga, kowa na ba da umurni, ba mai jin wani. Wani ya bugo waya ya ce, “Wuta! Wuta a gona!” ya kashe. Gonar wa? Ta ina? Mutum 30 su tafi inda hayaƙi ya fi yawa, ita kuwa ta zaga ta baya ta shiga rake.

Ba mu da jirgi, amma muna da tudu, muna da dogon itace, muna da rufin soro, ga wayar salula a aljihu. Mutum ɗaya mai natsuwa, wanda ya san gonakin kowa, ya hau inda zai ga wutar duka. Shi ne jirginmu. Kada ya sauko don ya taya bugu, ko da gonarsa ce ke ci, gama ganin nan shi ne aikinsa. A ƙasa kuma mutum ɗaya ke karɓar maganarsa, ko mai unguwa, ko sarkin noma, ko wanda jama'a suka yarda da shi. Sauran mutane su bar wayoyin nan biyu su huta, kada a cika su da kiran “ina labari”.

Wajen kwatance mun ma fi Turawan nan sa'a. Ba mu bukatar agogo, gama ko yaro a garin nan ya san gabas da yamma, kuma ko wace fadama da ko wace gona tana da suna. A bar “nan” da “can” da “dama” da “hagu”. A ce, “Wuta tana arewa da makabarta, ta nufi yamma, saura kaɗan ta kai hanyar shanu.” Wanda ya ji ya maimaita, don a tabbata abin da aka faɗi shi ya ji. Da hunturu, tun da ya ke iska daga arewa maso gabas ta ke zuwa, yawanci kan wutar kudu maso yamma ya ke nufa. Kada a sa kowa gabansa. A bi ta daga gindi, a riƙa cin gefunanta, toka tana bayanku. Amma iska ba ta da alkawari, in mai tsaro ya ga hayaƙi ya sake hanya, ya faɗa nan da nan. A shirya kuma wata alama ta gudu wadda ba ta bukatar waya, ko usur, ko ganga, ko hon na babur sau uku, gama waya ta kan rasa caji ko sabis a ranar da a ke bukatarta. Kowa ya san alamar, kowa ya san inda zai nufa in ya ji ta.

Duk wannan a yau a ke shirya shi, a zaure, tun wuta ba ta tashi ba. A yau ne kuma a ke share gefen rake da kewayen rumbuna da inda aka tara kara, kamar yadda mutanen Nijar ke share dogayen hanyoyi cikin makiyaya bayan damina don su tare wuta. A sanad da makiyayan da ke kusa abin da aka shirya, a karɓi lambar wayarsu, gama sau da yawa su ke fara ganin hayaƙi.

In an fita, a rubuta sunan ko wane mutum a takarda, a ba shugaba. Waɗanda aka sa a gefen gabas kada su koma gefen yamma sai sun faɗa, an kuwa amsa musu. In wuta ta mutu, kafin kowa ya tafi gida, a tsaya a bakin hanya a kira sunayen nan ɗaya ɗaya, kowa ya amsa.